Ranar da Na Gaida Falmata

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yagana a unguwar Limanti ba, ko da na so. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina bincike a kan kilamidiya, wata cutar saduwa da ke shiga mace shiru, wani lokaci ta toshe mata hanyar ƙwai. Muna ɗibar jinin matan da ke zuwa asibiti neman haihuwa, mu duba ko garkuwar jikinsu ta taɓa yaƙi da ita, don alamar takan daɗe a jini. Kai, zamanin can akwai daɗi! Ga farar riga, ga kai ya kumbura, gani nake duk Borno ba wanda ya kai ni sani.

Ranar ƙunshi muna tsakar gida, turaren wuta ya cika ko'ina, sai wata dattijuwa, Ya Kolo, ta tambaye ni me nake karantawa. Tambaya ɗaya fa! Ni kuwa na buɗe lacca (har da ɗaga hannu mai ɗanyen lalle ina zana mahaifa a iska). Na ce mace kan yi shekaru ba ta sani ba, kuma maigida ma dole a duba shi.

Ina cikin zuba sai ga wata ta shigo da tiren shayi. Na gane ta. Mu kuwa a gidanmu, ka ga sananne ka yi shiru rashin tarbiyya ne.

"Lale, Falmata! Ya hannun? Ranar da na ɗebi jininki ai kin sha allura."

Wadda ke kusa da ni ta mintsine ni: "Surukarta fa kike wa lacca."

Wayyo Allah! Na tona asirin baiwar Allah a gaban uwar mijinta. Na yi wuf na ce, "Gwajin zazzaɓi ne!" Ba wadda ta ko kalle ni.

Ya Kolo ta karɓi tiren ta ajiye, ta zaunar da Falmata kusa da ita, sannan ta dube ni.

"'Yata, ni na kai ta asibitin. Ɗan nawa ma na kora shi an duba shi. Dangi ne kawai ba su sani ba, kin kuwa hutar da mu."

Falmata ta yafe mini, amma kunyar tana nan har yau. Tun ranar, duk wadda na taɓa ɗibar jininta, in mun haɗu a biki sai ta fara gaishe ni. In ba ta yi ba, to wallahi ban taɓa ganinta ba.