Ranar da Na Ƙera Gas da Kashin Shanu

A wani littafin kimiyya na karanta cewa kashin shanu, in aka jiƙa shi aka rufe, yana fitar da gas ɗin girki. Shafi biyu na karanta, na ji ai na gama digiri. Na kwaso kashi daga kasuwar shanu ta Babura, na dama a durom, na toshe gam, na girke a rana. Na ce wa matata, "Ke da itace haihata-haihata!"

Ranar Juma'a na gayyato surukina ya sa albarka. Ya zo cikin farar shadda, ya tarar durom ya kumbura kamar mai cikin wata tara.

Ya ce, "Malam, abin nan ba ya tashi kuwa?"

Na ce, "Baba, matso ka ga ilimi."

Ya matso, na murɗa murfin.

Hularsa kaɗai ta tsira, don gidan maƙwabta ta faɗa. Salati kawai yake yi, shi ma baki a rufe.

Har yau, saniya na ɗaga wutsiya a kasuwa sai wani ya ƙwala mini kira: "Injiniya, ga kayan aiki sun iso!" Baba kuwa, in na yi sallama, daga ciki yake tambaya: "Kai kaɗai ne, ko da durom?"