Rasuwar Mai Salatif, Hedifon ɗin Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye kuma, Auta mai haɗa kiɗa a wuraren taro yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar tsohon hedifon ɗinsa, wanda aka fi sani da Mai Salatif. Ya rasu ranar Asabar, makonni uku da suka wuce, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a ƙarƙashin teburin kiɗa, bayan shekara goma sha tara yana bakin aiki. Kunya ce ta jinkirta wannan sanarwa, babu wani dalili bayan ita.

Marigayin ya fara aiki ne a hannun Kawu Faifai, ƙanin mahaifiyar Auta, wanda ya koya masa sana'a. Shekara goma sha uku suka yi tare, har kunnen Kawu na hagu ya mutu, na dama ya yi nauyi, ya ajiye kiɗa ya buɗe shagon sayar da ƙwan fitila. Ranar da ya rataya marigayin a wuyan Auta, magana ɗaya ya yi masa: da kunne ake zaɓen hedifon, ba da ido ba.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai shaida bawan sana'a ne mai riƙon amana. Aikinsa shi ne ya raɗa wa mai shi waƙar da ke tafe tun jama'a ba su ji ta ba, don a daidaita bugunta da na wadda ake rawa da ita, a shigo da ita ba tare da ƙafar kowa ta sani ba. Bai taɓa makara ba ko da ƙiftawar ido, domin ta igiya yake karɓar saƙo. Ba ya ƙara wa ganga gishiri. In kiɗa ya yi muni, haka zai faɗa. Kunnuwansa suna juyawa, a maƙala ɗaya a kafaɗa, a bar ɗayan kunnen ga jama'a. Za a daɗe ana tuna ɗan “ƙir-ƙir” ɗin da yake yi in an jona shi, kamar dattijo yana gyaran murya.

Kyau kam, babu. Fatar kunnuwansa ta saɓule, soso ya leƙo, kuma an naɗe shi da baƙin salatif a wuri huɗu, uku na Kawu, ɗaya na Auta.

Bisa al'adar sanarwa, nan ne ake cewa bayan gajeriyar jinya. Marigayi bai yi jinya ba. Lafiyarsa ƙalau ya tashi ranar.

Ga yadda aka yi. Kawu zai aurar da 'yarsa ta fari, ya ce ba wanda zai taɓa masa kiɗa sai ɗansa Auta, kuma yana so ya ga tsohon abokinsa a wurin. Auta ya ji an ɗauko masu hoto har uku, zuciya ta soma raya masa cewa salatif ba zai yi kyau a bidiyo ba. Ana gobe biki ya shiga kanti. Ya ga wani hedifon ruwan zinare, marar igiya, mai fitila tana walƙiya. Mai kantin ma, Allah ya saka masa, ya ce wannan na jin waƙa ne a kwance, ba na aiki ba. Auta yana gaban madubi a lokacin, bai ji ba. Ya gwada shi a wuya, ya gwada shi a ka, ta gefe da ta gaba. Abin da bai yi ba shi ne ya haɗa waƙa biyu da shi.

A zauren biki ya cire marigayi daga jaka, ya tura shi ƙasa bayan mayafin tebur, kamar mai ɓoye dangi talaka ranar zuwan baƙi.

Ashe baƙon yana da nawa. Sauti yakan iso kunnen Auta bayan lasifika ta riga ta faɗa wa duniya. Ɗan jinkiri ne, bai kai a ce komai ba, amma a wannan sana'a shi ne komai. Amarya da ango suna tsakiyar fili, Auta ya shigo da waƙa ta biyu yana murmushi ga mai hoto. A kunnensa ganguna sun hau juna daidai. A fili kuwa sai ka ce an zubar da kwanuka a matakala. Ango ya taka rigar amarya. Mata suka tsaya da hannuwa a sama suna kallon juna. Auta ya sake gwadawa, abu ya ƙara dagulewa. Ya ja da baya yana laluben tsohon abokin aiki da ƙafa, sai diddigen sabon takalminsa ya same shi a tsakiyar bakan da ke haɗa kunnuwansa biyu.

Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce “ƙaras”.

Kawu bai ji kiɗan ba, amma ya karanta shi a ƙafafun masu rawa. Ya taso a hankali har gaban tebur, ya dubi zinaren da ke kan Auta, ya tambayi ina Mai Salatif. Auta ya ce yana wurin mai gyara. Ya faɗi haka ƙafarsa tana kan gawar. Kawu ya jinjina kai, ya koma kujerarsa. Wannan ƙaryar ta fi kisan ci wa Auta rai, kuma ita ke hana shi barci.

Marigayin ya bar miksa ɗaya, na'urar haɗa kiɗa, mai maɓalli biyu da suka daina aiki, da lasifika biyu, da igiyarsa wadda ba ta ji ko ƙwarzane ba, da jakar da yanzu ta yi wa kowa faɗi. Ya bar Kawu. Baƙon ruwan zinare ba ya cikin magada, an ba ƙanwar Auta tana jin karatu da shi.

Sau uku Auta yana zuwa bakin shagon Kawu yana juyawa. Ranar Talata sai ga mahaifiyarsa ta miƙo masa ƙunshi, ta ce kawunsa ne ya aiko, bai haɗo da saƙo ba. Ya buɗe, sabon baƙin salatif ne guda.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a shagon Kawu, a aljihun teburin da yake ajiye tsofaffin faya-fayansa. Da salatif ɗin da ya aiko za a yi sutura. Auta ne zai ɗauko mamacin da hannunsa, a fili, ba a jaka ba. Ba a buƙatar masu hoto.

Kafin a rufe aljihun, Auta zai tsaya ta kunnen Kawu na dama ya faɗi inda ƙafarsa take ranar nan. Ana sanar da maƙwabtan shago cewa Kawu ba ya ji sai an ɗaga murya sosai, saboda haka ba sai sun matso ba. Duk layin zai ji.