Rawar Magariba a Fadar Sauro

A bayan wani ƙauye akwai kududdufi, a bakinsa kuwa wani fasasshen tulu ne fadar Sarkin Sauro. Tsarin ƙasar tun kaka da kakanni yake, wato ya kai wata huɗu, don sauro ba ya daɗewa a duniya. Maza su ne masu sarauta, ruwan fure suke sha, ba wanda ya taɓa kusantar ɗan Adam a cikinsu. Mata ke zuwa neman jini, domin ƙwan da ke cikinsu ba ya nuna sai da shi. Doka kuma ɗaya ce: da magariba Sarki da fadawa sukan tashi sama su yi rawa, kowace mace ta tsaya kallo, sai mutane sun yi barci sannan a sallame su.

Ana nan sai aka raba wa mutanen ƙauyen gidan sauro mai magani. Wadda ta sauka a kansa sai ƙafa ta ɗauki kakkarwa, kafin gari ya waye tururuwa sun ja ta. Cikin mako guda masu kallon rawa suka ragu, har Sarki ya lura. Shi ya sa ya kira taro da hantsi.

Waziri ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mun bincika. Laifin matan ne. Ragar nan tana da ƙofofi dubu, ragwanci ya hana su samun ɗaya. Waɗanda suka mutu kuwa, fada na yi musu addu'a."

Sai wata mai suna Tabawa ta matso. Kwananta goma sha shida a duniya, tsohuwa ke nan. Kwana uku rabonta da jini, cikinta cike da ƙwai, tana ji suna bushewa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu tara muka fito daga ƙwan uwa ɗaya, ni kaɗai na rage. Jiya na ga ƙanwata Ladiyo ta taɓa ragar nan da ƙafa guda, ta faɗo tana juyi kamar mai bori. In na ƙara kwana biyu a haka, 'ya'yana za su mutu a cikina. Da magariba mutane na waje, suna alwala, suna cin tuwo a tsakar gida, ƙafafu a buɗe. A bar mu mu fita a lokacin."

Sarki ya goge ruwan fure a bakinsa, ya ce, "To wa zai kalli rawa?"

"Wa zai kalle ta in mun ƙare, ranka ya daɗe?"

Waziri ya ce, "Ke Gwaggo, iya bakinki. Mu da muke ɗauke da nauyin yaƙin nan ba mu yi kuka ba sai ke?"

Tabawa ta dube shi, ta ce, "Waziri, yaya launin jini yake?"

Waziri ya waiga wajen maroƙi, maroƙi ya dubi ƙasa, mata suka fashe da dariya. Wanda ya ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba, amma ya san zafin a yi masa dariya a gaban jama'a, kuma ba ya yafewa. Nan take aka yanke cewa duk wadda ta bar wajen rawa, ba ita ba zuba ƙwai a kududdufin Sarki.

Da rana ta faɗi, maza suka tashi sama. Tabawa ta juya musu baya ta nufi gari, mata goma sha ɗaya suka bi ta. Ba a gaya musu ba cewa mai barci ba shi da hannu, amma na farke yana da biyu. Bakwai suka mutu a tafin hannu. Tabawa ta sami diddigen wata yarinya da ke wanke kwanoni, ta sha har ta kasa tashi da kyau. Bayan kwana biyu ta zuba ƙwanta a sawun saniya da ruwan sama ya cika, ta mutu a gefensa.

Matan da suka bi doka, raga ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Sarki ya yi ta rawa ba mai kallo sai jemage, kuma jemage ba kallo ya zo yi ba.

'Ya'yan Tabawa suka fito daga sawun saniya, suka cika gari da magariba. Zazzaɓin da ya yi sauƙi a ƙauyen ya dawo, yarinyar mai wanke kwanoni ce ta fara kwanciya. 'Ya'yan Tabawa maza kuwa suka gano fasasshen tulu ba kowa a ciki, suka shiga, suka naɗa babbansu. Ya mai da rawa zuwa asuba, ya kafa doka: ba fita sai magariba, kamar yadda uwarmu mai albarka ta koyar.

Mutane ma ba wawaye ba ne. Suka koma cin tuwo tun la'asar, suka riƙa turara hayaƙi a tsakar gida, yara na shiga raga kafin duhu. Matan sauro suka sake faɗuwa.

A taro na gaba wata jikar Tabawa ta matso, cikinta cike da ƙwai. Ta ce, "Ranka ya daɗe, da asuba manoma na fita gona, ƙafafu a buɗe."

Sabon Sarki ya goge bakinsa, ya ce, "To wa zai kalli rawa?"