Jiƙon Baba Buba a Motar Birnin Kudu

Wani ne a Gwaram ƙafarsa ta kumbura, ta yi suntum, takalmi ya ƙi shiga. Ga shi ranar Juma'a shi zai karɓa wa ƙaninsa aure a Birnin Kudu. Babban wa, a je gidan surukai da silifa ɗaya? Ina!

Ya tafi wajen Baba Buba mai magani. Tsoho ya ba shi wata saiwa, ya ce, "Jiƙa ka sha. Fitsari za ka yi ta yi, ruwan ƙafar ya bi ta nan."

To mutuminka ya taɓa ji a rediyo cewa masana ba sa shan saiwa sai sun gwada a kan ɓera. Ya jiƙa ta a gora, ya ɗana tarko. Har Juma'a ɓera bai zo ba.

Ya ɗauki gorarsa ya shiga mota. Direba, wani Munzali, ya hango ta ta madubi.

"Malam, jiƙo ne? Na basir ne ko na shawara?"

Mutuminka ya dubi direba, ya dubi fasinja. Ya ce a ransa, ga ɓeraye har da masu hula.

"Na komai ne. Bismillah."

Ka san mutanenmu da jiƙon kyauta. Gora ta zaga mota, har Hajiya Turai da ke gidan gaba ta ce a sam mata a murfi. Gorar ta dawo masa wayam.

Ba a yi nisa ba wani dattijo ya ce, "Direba, ɗan tsaya in kama ruwa." Aka tsaya. An tashi ke nan Hajiya ta yi gyaran murya. Aka tsaya. Can sai ga Munzali da kansa ya taka birki, ya fice ko ƙofa bai rufe ba. Buta ɗaya, ana layi a kanta. Mutuminka na zaune, yana leƙa kowa ta taga yana gyaɗa kai.

Sai bayan la'asar suka shiga Birnin Kudu. An ɗaura aure an watse, mutuminka ko goro bai samu ba.

Munzali ya juyo, idanu sun faɗa. "Wai kai Malam, me ya sa ko sau ɗaya ba ka sauka ba?"

"Ai ni ban sha ba. Gwadawa nake."

"Gwadawa? A kanmu? To me ka gano?"

Ya ɗago ƙafar ya latsa ta, ya yi tsaki.

"Maganin banza ne. Duk fitsarin nan da kuka yi, dubi ƙafata, ko kaɗan ba ta sace ba."