Ƙwaron da Ya Mutu a Kumatun 'Yata

Yau Alhamis. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, tari kuma da sauƙi.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Tangaran, masu ƙera allon kwamfuta, Allah ya ƙara wa ranka haske fiye da na hajarka.

Bayan gaisuwa da ban girma, ni tsohon mai duba kurakuran rubutu ne a maɗaba'a. 'Yata da ke aure nesa ta saya mini allonku don mu riƙa ganin juna. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Takardar cikin kwali ta yi alkawarin ko ƙura ba ta shiga allon nan. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, ƙura ba ta shiga ba. Ƙwari ne suka shiga, 'yan mitsi-mitsi kamar waƙafi, suna kai da komo a bayan gilashi. Ta wace ƙofa? Ni da na mallaki allon, ko farcena bai samu hanya ba.

Na biyu. Ba su da ilimi, amma suna gyara rubutu. 'Yata ta rubuto cewa in riƙa wanke baki da ruwan gishiri. Ɗaya ya hau kan harafin, ya yi masa ƙugiya, na karanta "wanke baƙi". Ina na ga baƙin, balle in wanke su?

Na uku, shi ne babba. Na danna ɗaya da yatsa don in kore shi, ya mutu nan take, daidai inda kumatun 'yata ke fitowa in ta kira. Na manta da shi, da ta kira na ce, "Uwata, wannan baƙin tabon fa? Ki je asibiti." Ta shafa fuska, ta duba madubi, ta ce, "Baba, idonka ne." Na rantse, ta rantse. Ta ce tsufa ya fara taɓa ni, za ta yi magana da likita. Tun daga nan kiran ya gajarce, kuma a hankali take yi mini magana, kamar mai lallashin yaro.

Na huɗu. Yarinyar ofishinku ta ce garanti bai shafi halittun Ubangiji ba, wai in kashe allon su fita da kansu. Gawar ma da kanta za ta fita? Da na matsa, ta ce za ku turo mai gyara yau.

Ba sabon allo nake roƙo ba. A turo wanda zai ɗauke mamacin, ya kuma gaya wa 'yata da bakinsa cewa ƙwaro ne, hankalin ubanta na nan daram.

Naka mai biyayya har ƙasa, in gwiwa ta yarda,
Tsohon Mai Duba Kure

Ƙari: Mai gyaran da kuka ce zai zo yau bai zo ba. Na sa babbar riga, shayi ya huce. Gobe 'yata za ta kira. Zan roƙe ta ta ɗan matsa hagu.