Ranar da Kwamfuta Ta Fi Ni Riƙe Magana

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko na so ma, matan unguwarmu a Tiga ba za su bar ni ba.

Ni dai ban yi boko ba, amma in maganar baki ce, ku tambaya. Biki ko suna, ni ake shimfiɗa wa tabarma a tsakiya. Kuma dokata ɗaya ce: in an ɗauko labari a gabana, ba a katsewa. Ko tuwo ke ƙonewa, ya ƙone.

To, Rabi 'yar ƙanena, wadda ke koyarwa a Bebeji, ta zo da kwamfutarta. Wai ƙungiyar garinmu na tattara labarin tsohon ƙauyenmu da ruwan dam ya cinye, ana rubutawa a wani shafi na intanet. Aka yi sa'a yayata Hansai ta zo daga Doguwa duba mu. Yaya da aurenta aka taso mu daga can, ni kuwa ina 'yar mitsitsiya (ko da yake in kun ji ni ina ba da labarin tashin, sai ku rantse ni na ja jakin gaba). Tsufa ya kama ta sosai, wata rana ko sunana sai ta yi lalube.

Amma ran nan Allah ya buɗe kanta. Ta riƙa jero unguwanni da rijiyoyi gida gida, har ta zo kan abin da na daɗe ina roƙonta ta tuna: inda aka binne Innarmu. Ban san Inna ba, ina goye ta rasu. Burina kawai in san wajen, ko daga cikin kwalekwale ne in nuna in yi mata addu'a.

Rabi na ta ƙwanƙwasa, sai ta ɗago ta ce, "Gwaggo, ku ɗan dakata in adana. Sabis na rawa, kuma shafin nan yakan sabunta kansa. In ya yi haka ban adana ba, komai zai iya tafiya."

Na ce, "Ke Rabi! Yaya na magana kina cewa a dakata? Rubuta duk abin da kika ji, ban da surutu. Abin da ya shiga kan nan nawa ya fi akwatinki tsaro."

Ta ce, "To, Gwaggo."

(Gaskiyar magana, ba sauraron Yaya nake ba. Jira nake ta ja numfashi in karɓe.)

Motar Doguwa ta zo, aka tafi da Yaya. Ni ko numfashi ban bar Rabi ta ja ba, na ɗora da nawa labarin. Ina tsakiyar bayani sai na ga fuskar kwamfutar ta yi walƙiya, ta koma fara fat. Rabi ta dafe kai ta ce, "Sabis ya dawo, shafin ya sabunta. Gwaggo, ba na ganin komai."

Salatin da na saki sai da ya tara matan unguwa. Na fashe da kuka, don na san ko mun kira Yaya gobe, wataƙila ta tambaye ni wace ce. Sai Ladi mai kifi, abokiyar tsokanata tun muna amare, ta ajiye tirenta ta ce, "Mene ne na kuka? Ba a gabanki ta faɗa ba? Uwar labari guda! Maimaita mata mana."

Ina ne zan ce ban riƙe ba, ga mata sun zuba mini ido? Na gyara mayafi, na yi gyaran murya. Na ce kabarin Inna yana yamma da gari, gindin wata ƙatuwar kuka, dab da Rijiyar Sarkin Ruwa. Har tsuntsayen da ke kan kukar na siffanta. Mata na ta "Allah sarki", ni kuwa na san yanzu na ƙera shi.

Sai Rabi ta yi ƙara, "Alhamdulillahi! Gwaggo, ya riƙe! Ga shi yana tambaya, wai akwai rubutun da ba a adana ba, ko a dawo da shi?"

Na ce, "Dawo da shi! Roƙe shi in ya kama!"

Ta danna, rubutu ya cika fuskar. Wannan karon sai da ta adana kafin ta ɗago. Da an bar shi a haka da an rabu lafiya, amma sai Ladi ta ce a karanta mu ji. Rabi ta karanta maganar Yaya: gabas da gari, gindin tsamiya mai rassa biyu, bayan Rijiyar Maƙera.

Ladi ta ce, "Ikon Allah. Yaushe kuka mayar da Inna yamma?"

Rabi kuwa, da yake na ce ta rubuta duk abin da ta ji, ba ta tsallake komai ba. Ta ci gaba a natse: "Abin da ya shiga kan nan nawa ya fi akwatinki tsaro."

Dariya har da masu zama a ƙasa. Na ja mayafi na rufe fuska, amma wallahi a ƙarƙashinsa hamdala nake, hawaye na zuba. Su yi ta dariya, tsamiyar Inna dai ta dawo.

Bayan sati ɗana ya ɗauke ni a kwalekwale, wani tsohon masunci ya nuna mana daidai inda maƙera suke da. Muka karkata gabas, na yi wa Inna addu'a a kan ruwa.

Tun ran nan na sassauta doka. Har yanzu ba a katse ni, sai mutum ɗaya. Wannan labarin ma Rabi ce ke rubutawa, kuma duk inda kuka ga na ja numfashi, ba gajiya ba ce.

Rabi, danna abin nan tukuna, kafin Ladi ta shigo.