Ranar da Na Shafe Rijiyoyin Adar

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Litinin a Keita, wajen ƙarshen shekarun tamanin, da kunyar da na sha a gaban yarinyar da na girme wa ubanta.

Ina aiki a wani furoje, wato shirin haƙa rijiyoyi. Ni na zagaya ƙauyukan Keita da Bouza da Madaoua bisa babur, ina jefa igiya cikin kowace rijiya, ina rubuta zurfinta da watan da take ƙafewa. Da aka kawo mana ordinata, wato kwamfuta, duk wannan aka zuba a cikinta, kuma ita ake tambaya kafin a tura mahaƙa ko'ina.

Sai labari ya zo cewa tsarin da ke riƙe da bayanan ya tsufa, sabo ya fito, za a aika mutum ɗaya Yamai ya koyo shi. Na ba da babbar rigata wanki. Wa za a aika in ba ni ba? Na zauna Kumasi, na yi tafinta a Abidjan, na ga injinan banki a Tarabulus. Ina jin Faransanci da Ingilishi da Larabci, har Tamajaq ina yin ciniki da shi. Shef, shugaban furojen, ya zaɓi Rakiya, mai buga mana takardu.

Na yi mata murna da baki (har addu'a na yi mata, Allah Ya yafe mini abin da ke zuciyata lokacin). Ta dawo bayan mako uku da faifan disket shida na sabon tsarin a kwali, kowa yana kiranta "Madam Ordinata". Direban da ya saba kawo mini shayi ya koma kai mata. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ta ce ranar Litinin za ta sa sabon tsarin, ta tafi bikin suna a Garhanga. Ranar Asabar na buɗe buro, ofishinmu, don in riga ta sa shi. Littafin bayanin da Ingilishi yake, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya. Shafin farko ya ce a kwafe tsoffin bayanai tukuna. Na tsallake shi, don a ganina ƴan koyo aka rubuta wa. Injin ya yi mini tambaya sau biyu ko na tabbata. Mutumin da ya ratsa Sahara a bayan kamyo, babbar motar kaya, ake tambaya ko ya tabbata? Na danna.

Sabon tsari ya hau lafiya lau. Na nemi rijiyoyin Allakaye, babu. Azarori, babu. Aikin shekara huɗu, ko guga ɗaya bai rage ba.

Litinin da safe mahaƙa sun loda kaya suna jiran a faɗa musu inda za su. Wani maigari ya yi sammako don ya ji ko ƙauyensa na ciki. Shef ya dubi allon, ya dube ni. Na gyara murya na ce a Abidjan ma irin waɗannan injina sukan manta in zafi ya yi yawa.

Rakiya ta shigo, ta gaishe mu, ta dubi allon.

"Baba Alhaji, mi ya hwaru?"

"Zahi ne, ɗiyata."

"To, Allah shi kyauta."

Ta buɗe jakarta ta fito da disket biyu a naɗe cikin kallabi. Shef ya karɓi ɗaya, ya sa tabarau, ya karanta abin da ta rubuta a jiki da ƙarfi, da Faransanci: "Kwafin rijiyoyi, idan Alhaji ya taɓa." Maigari ya ce a fassara masa. Kowa ya juyo wajena, don ni ne tafintan buro.

Na fassara, kalma bayan kalma.

Maigari ya jinjina kai. "Yarinyag ga ta san mutane."

Kafin azahar rijiyoyi sun dawo, mahaƙa sun kama hanya, ƙauyen maigari kuma na ciki. Rakiya ba ta sake tayar da zancen ba, wanda ya fi zagi zafi.

Na zaga ƙasashe ina nazarin halin mutane, ashe mai nazarin nawa tana tebur na gaba. Tun daga ranar, in na ji ƙirjina ya yi zafi don an yabi wani, nakan zauna a kan hannuwana har ya wuce.